Kafin a jingine keken guragu mai batir a zaure

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai albarka domin mu yi magana kan kekunan guragu masu batir, waɗanda ke shigowa yanzu, wasu gwanjo daga Amurka da Turai, wasu kyauta daga masu hannu da shuni. Mu da muke gyaransu mun lura cewa da yawa daga cikin waɗanda ake jinginewa a zaure, ana cewa inji ya ƙone, lafiyar injinsu ƙalau. Batir ne, ko caja, ko wata waya da ta saki.

Idan keke ya ƙi tafiya, kada a fara da kwance shi. A leƙa baya kusa da tayoyi, akwai 'yan hannuwa biyu da ake turawa domin a saki birki a tura keken da hannu. Ko ɗaya aka bari a sake, keken zai kawo wuta amma ba zai motsa ba, kuma yara na yawan wasa da su. A mayar da su, a kashe keken a sake kunnawa. A tabbata an zare caja, domin da gangan aka yi shi kada ya tashi da caja a jiki. Kusa da akwatin batir akwai maɓallin da ke yanke wuta idan kaya sun yi nauyi, kamar hawan tudu ko kafewa cikin rairayi. A jira minti kaɗan a danna shi. Kuma a ɗauke hannu daga sandar tuƙi lokacin kunnawa, don in ba a tsakiya take ba ƙwaƙwalwar keken ba za ta yarda ba.

Batir shi ne uwa uba. Yawancin kekunan nan batir biyu gare su masu bolt 12, an haɗa su suna ba da 24. Da ƙaramar mita mai auna bolt za a gane lafiyarsu ba tare da an buɗe komai ba: a sa bakinta a rami na 1 da na 2 na wurin da ake soka caja. Cikakken batir da ya huta yana nuna wajen 25.5 zuwa 26. Amma wannan awon kaɗai yana yaudara. Sai mai keken ya hau, a tura sanda gaba, ido na kan mita. Idan lambar ta rufta da bolt biyu ko uku nan take, batir ya gaji, ko da fitilun kan sanda sun nuna a cike yake. Shi ya sa za ka ga keke ya fita gida da ƙarfinsa, kafin ya kai masallaci ya tsaya.

In za a canza, a canza duka biyun, iri ɗaya, girma ɗaya, misali 35Ah da 35Ah, wato lambar yawan wutar da batir ke ajiyewa. Sabo da tsoho ba sa zama wuri ɗaya, tsohon zai ja sabon ya kashe shi cikin 'yan watanni. Batirin mota kuma ba na nan ba ne: an yi shi don ya ba da wuta mai ƙarfi ta daƙiƙa kaɗan, ga ruwan batir da zai iya zubo wa mutum a jiki. Rufaffen batir, irin wanda ake kira jel ko AGM, ake nema. A yi caji kowane dare, awa takwas zuwa goma, kada a jira sai ya mutu murus, kada kuma a ajiye shi wata guda babu caji. Mun san halin wutarmu, amma gara a kai caja gidan mai sola da a bar batir ya kwana biyu babu wuta a cikinsa. Zafin bazara ma yana cin kwanansa, saboda haka inuwa ce wurin ajiye keke.

Ga inda ake yawan asara: cajar da ta zo daga Amurka. Wutarsu bolt 120 ce, tamu 230. A karanta rubutun bayan cajar kafin a soka ta a bango. In an ga 100 zuwa 240, babu damuwa. Wata tana da ɗan makunnin da ake juyawa zuwa 230. Wadda ba ta da ko ɗaya sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba hayaƙi za a gani. Caja mai lafiya tana ɗaga mita zuwa wajen 28 ko 29. Kekunan da ake naɗewa masu batirin litiyam kuwa cajarsu daban ce, ba a yi musu aro.

Fitilun kan sanda ma suna magana. A kekunan da ke da sanda samfurin VR2, fitila ɗaya mai ƙyaftawa batir ne, biyu wayar injin hagu, huɗu ta dama, shida caja ko wani abu ya hana tafiya, bakwai sandar kanta, tara birki. Wasu kamfanonin lissafinsu daban, sai a duba littafin keken. Sau da yawa a zare filogin injin, a goge ƙurar hunturu da tsatsa, a mayar da shi da kyau, shi ke nan. Idan tayar gefe ɗaya na fizga ko tana ɗaukewa, a duba kabon ɗin injin, yana cinyewa kamar na janareta.

Keken da ke karkata gefe, a fara da iskar taya, adadin yana rubuce a jikinta. Ƙananan tayoyin gaba kuma zare da gashi da leda ke naɗewa a boris ɗinsu. A kwance noti a tsince. Ba a wanke keke da tiyo. Robar da ta rufe gindin sanda in ta tsage a canza ta kafin damina, kuma in ruwan sama ya kama mutum a hanya, ya rufe sandar da leda.

Masu rabon kekunan nan kuma, don Allah a riƙa haɗawa da cajar da ta dace da wutarmu, a auna batir kafin ranar taro.

Wassalam.

Wasu masu gyaran kayan lantarki, Kano