Yadda manzanni suka riƙe amanar kuɗin ikkilisiya

Malam Edita,

Bayan gaisuwa, muna roƙon ɗan fili mu taɓo wani ɓangare na aikin manzannin Almasihu da ba a cika jin sa a wa'azi ba, wato yadda suka tafiyar da kuɗi da abinci.

Ikkilisiyar Urushalima ta soma da mutum wajen 120. Ranar Fentikos, wani idin Yahudawa, aka sami ƙarin kusan 3,000, ba a daɗe ba maza kaɗai suka kai 5,000. Masu hali kan sayar da gona ko gida su ajiye kuɗin a gaban manzanni, kamar yadda Barnaba mutumin Kubrus ya yi, a raba wa kowa gwargwadon bukatarsa. Amma mutum 12 ba za su iya sa ido a kan kwanon dubbai ba.

Ɓarakar ta fito ne ta wajen harshe. Yahudawan ikkilisiyar masu jin Helenanci, wato harshen Girka, suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu, wato matan da mazajensu suka mutu, a rabon abincin yau da kullum. Duk wanda ya san majami'a a Jos ko Kaduna, inda ƙabilu da yawa ke sujada da Hausa, ya san nauyin irin wannan ƙorafi.

Manzanni ba su musanta ba, ba su kuma naɗa na hannun damansu ba. Suka tara jama'a suka ce ku da kanku ku zaɓo mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima. Jama'a suka zaɓa, manzanni suka yi addu'a suka ɗora musu hannu. A dubi sunayen: Istifanas, Filibus, Burokoras, Nikanar, Timan, Barminas da Nikolas mutumin Antakiya. Dukkansu sunayen Helenanci ne. A ganinmu, ɓangaren da ya yi kuka shi aka damƙa wa ludayin.

Manzo Bulus ma bai yi wasa da amanar kuɗi ba lokacin da yake tara gudunmawa domin matalautan Urushalima. Ya umarci masu bi na birnin Koranti, kamar na yankin Galatiya, kowa ya riƙa ware wani abu ranar farko ta mako daidai samunsa, don kada a tashi tarawa a gurguje in ya iso. Kuɗin kuma ba a aljihunsa za su tafi ba. Ikkilisiya ce za ta zaɓi amintattunta su kai, ɗauke da wasiƙun shaida, domin kada kowa ya sami abin zargi.

Muna kira ga shugabannin majami'unmu su duba wanda ke riƙe da littafin baiko da jerin gwauraye: jama'a ne suka zaɓe shi, kuma mutum nawa ke ƙirga kuɗin tare da shi?

Naku,
Wasu malaman Littafi Mai Tsarki, Jos