Saƙo ga 'Yan Haɗeja Mazauna Ƙetare Kan Maganar Gidaje

Assalamu alaikum. Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu da ke Saudiyya, Ingila, Amurka, Kamaru da sauran wurare, muna gaishe ku tare da iyalanku.

Maganar muhalli a gida ce ta sa muka rubuto. Duk wanda ya je ganin gida bayan ambaliyar 2022 ya ga ɓarnar da ruwa ya yi a Haɗeja, Auyo, Kafin Hausa, har Guri da Kirikasamma. Matasa sun yi ta kwana a bakin kogi suna cika buhuna suna ɗaure jinga, Allah ya saka musu da alheri. Amma gidan ƙasa ba sai kogi ya shige shi yake faɗuwa ba. Ruwa ya kwanta a gindin katanga kwana biyu zuwa uku, tushe ya jiƙe, sai a ji rugum cikin dare. Na shiga gidan gwaggona a lokacin, na tarar an tokare bangon ɗakinta da azara uku, ita da jikoki sun koma zaure da kwana, kwanon rufin da aka tsinto an danne shi da duwatsu.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya: yawancin kuɗin ginin da muke turawa a manyan gidaje yake ƙarewa, waɗanda ke kulle daga Sallah sai Sallah, ba kowa sai mai gadi. Gumin mutum ne, ba mu ga laifin kowa ba. Sai dai a unguwar nan akwai malamin firamare mai 'ya'ya biyar a ɗaki ɗaya na haya, akwai saurayin da aka ɗaga aurensa sau biyu don ba wurin ajiye amarya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kayan gini suka yi tashin gwauron zabi, a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000. Akwai Asusun Gidaje na Ƙasa tun 1992, ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, a ba da rance da ruwa kashi 6. To manomin shinkafa da masunci wane albashi za a cire musu? Ga kuma masu gudun riba, kuma suna da yawa.

Shawarar da kwamiti ya kawo ita ce mu haɗa hannu mu fara da ƙananan gidaje kaɗan: ɗaki biyu, madafi, bayan gida, da tsakar gida mai wurin shanya. Fili a kan tudu, ba a hanyar ruwa ba komai arharsa, kuma sai an samu takardar shaidar mallaka daga gwamnatin jiha kafin a haƙa tushe. Tushen a yi shi da dutse da siminti har ya kai gwiwa, daga nan a ɗora tubalin ƙasa wanda inji ya matse da ɗan siminti a ciki. Kada wani ya ce ginin talauci ne. Da irin wannan tubali Mariam Kamara, mai zanen gine-gine, da abokiyar aikinta suka gina babban masallacin Dandaji a jihar Tawa ta ƙasar Nijar, aka kammala a 2018. Ɗakin ƙasa kuwa kowa ya san sanyinsa a zafin Afrilu. Rufi ya zarce bango sosai, a fitar da magudana tun farko, aikin kuma maginanmu na gida za su yi.

Biya zai kasance haya ce da ke zama mallaka, ba kuɗin ruwa. Mai albashi ya biya wata-wata, manomi ya biya da kaka, abin da ya dawo a gina wa wani.

Mun san da yawa cikinmu an taɓa cin amanarsu a kan gini, an turo musu hoton gidan da ba nasu ba. Saboda haka ba za a fitar da ko kwabo ba sai mutum uku sun sa hannu, kuma kowane wata za ku ga lissafi da rasit.

Abu ɗaya ne ba mu daidaita a kai ba: wa za a fara ba? Wasu sun ce ma'aikata, don asusu ya ɗore. Ni dai ina ganin a ware ko gida ɗaya a kowane zagaye ga matar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu, mu ɗauke mata biyan. Ku aiko da ra'ayinku kafin zama na gaba. Injiniyoyi da lauyoyin cikinmu kuma, muna roƙonku ku duba mana zanen da takardun fili.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya