A Koyar Da Sigar Sharaɗi Ta Sifaniyanci Da Misalin Hausa

Ya Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin malaman Sifaniyanci a Kaduna kan sigar sharaɗi, wato sigar aikatau mai nuna abin da zai faru in da an cika wani sharaɗi, wadda na tarar da ɗana yana fama da ita har tsakar dare, alhali ba ta da wuya. Aikatau mai bin ƙa'ida, kamar hablar (yin magana), ba a yanke masa komai. Ana liƙa masa -ía, -ías, -ía, -íamos, -íais, -ían, kuma haka ake yi wa comer (cin abinci) da vivir (rayuwa). Kamata ya yi malaman su fara da abin da ke bakinmu tuntuni, domin "da ina da kuɗi, da na saya" shi ne "si tuviera dinero, compraría". Da wannan sigar kuma ake roƙo cikin ladabi, kamar "me gustaría" (zan so).

Naku,
Mai karatu, Tudun Wada, Kaduna