Amsa ga ɗalibar da ta tambaye ni game da sukar mulhidai

'Yata, assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, tare da mutanen gida.

A taron tsofaffin ɗalibai na ranar Asabar kin miƙe a gaban jama'a kin ce: "Malam, mulhidai suna cewa addini ne ya danne mu, ya hana yara ilimi, ya kutsa cikin gwamnati ana cin kuɗin talaka da sunansa. Ƙarya suke yi ko gaskiya?" Zauren ya kaure da hayaniya, wani daga baya ya ce ki yi istigfari, mai gabatarwa kuma ya ce lokaci ya ƙure. Na ga yadda kika koma kika zauna kin sunkuyar da kai, abin ya tsaya mini a rai. Ba ki yi laifi ba. Tunda a bainar jama'a kika tambaya, a bainar jama'a zan amsa.

Ni Musulmi ne, na yi imani da Allah da Manzonsa, kuma musun samuwar Allah da suke yi ban yarda da shi ba ko kaɗan. Amma ke a kan abin da suke faɗa game da zamanmu kika yi tambaya, kuma a nan dole in gaya miki cewa da yawa daga cikin miyakun da suke nunawa da yatsa na gaske ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bari in fara da abin da hannuna ke ciki. A 2003 aka baza magana cewa an zuba maganin hana haihuwa a ɗigon rigakafin shan inna. Daga kan mumbari na ji ta, daga bakin mutanen da nake bi salla. Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin, Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004, bayan an kawo maganin daga Indonesiya. Ni da kaina na rufe wa masu ɗigon ƙofa, na kuma ba maƙwabcina shawara ya rufe tasa. 'Ya'yana Allah ya kiyaye su. Ɗan maƙwabcina yanzu ya wuce shekara ashirin, a keken guragu yake zuwa masallaci, kullum yana gaishe ni da ladabi. Cutar ta tsallaka daga nan zuwa ƙasashe kusan 20, har da Sudan da Yaman. A Fabrairun 2013 kuma aka harbe masu aikin rigakafi tara a Kano.

Idan mulhidi ya ce wa'azi ya gurgunta yara, da wane baki zan ƙaryata shi? Inda na saɓa masa shi ne inda yake tsayar da labarin. Tsoron mutane yana da tushe: a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200, goma sha ɗaya suka mutu, aka yi shekaru ana shari'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sannan da gyara ya zo, ta hannun sarakuna da limamai ya biyo, su suka bi gida gida suna lallashin iyaye, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a Agustan 2020. Mumbarin da ya yi ɓarnar shi ne kuma ya taimaka wajen gyaranta. Wannan bai wanke mu ba, domin ƙafar yaron nan ba ta dawo ba.

Batun ilimi ya fi wannan nauyi. Yaro ɗan shekara shida a ɗauko shi daga ƙauye a ajiye a birni, ba abinci, ba makwanci, ba mai duba shi in zazzaɓi ya kama shi, a ce ana neman masa albarkar Alƙur'ani. A 2020, lokacin korona, mun ga gwamnoni suna loda su a manyan motoci, kowa na mayar wa ɗan'uwansa. Makarantun tsangaya da gwamnatin tarayya ta fara buɗewa a Gagi ta Sakkwato a 2012, da yawansu an bar su sun lalace. Duk wanda ya ɗaga murya a kan wannan sai a ce yana yaƙi da karatun Alƙur'ani, sai ya yi shiru. Alhali ciyar da yaro da tufatar da shi wajibi ne a kan uba a shari'armu. Kuma fiye da shekara 200 da suka wuce Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albab, ya caccaki malaman da ke koyar da almajiran waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta tura jajis, wato malamai mata da ta horar, ƙauyuka suna koyar da mata. Wannan sukar tamu ce tun asali, mu muka yar da ita har wani ya tsinta yana dukanmu da ita.

Kuɗin gwamnati kuwa, maganar gajera ce. Sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin nata. Duk da haka a 2024 gwamnatin tarayya ta ba da tallafin naira biliyan 90 don aikin Hajji, jihohi kuma na biya wa 'yan siyasa da magoya bayansu kujerun Makka da na Urushalima. Hajji bai wajaba ba sai a kan mai iko. Na koyar a ajin da ɗalibai suka haura ɗari, rabinsu a ƙasa suke zaune. A nan mulhidi ya faɗi gaskiya, kuma ina tare da shi.

Saura abin da ya sa zauren ya yi hayaniya. Kin san labarin Mubarak Bala, wanda ya shugabanci ƙungiyar 'yan Najeriya marasa addini. An kama shi a Kaduna a Afrilun 2020 saboda rubutunsa a Facebook, babbar kotun Kano ta ɗaure shi shekara 24 a Afrilun 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa biyar a 2024, aka sake shi. Kalamansa sun yi mini ciwo ƙwarai, har yau ba na son tuna su. Amma na shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa ganin ɗalibin da shakkarsa ta gushe don an ɗaure wani ba. Abin da na gani shi ne yara sun daina tambayarmu, sun koma tambayar waya da tsakar dare, inda mai ba su amsa ba ya ƙaunar addininsu. Ke kin yi ƙarfin halin tambaya a gaban iyayenki da malamanki, muka saka miki da tsawa. Na ji kunyar wannan, kuma ina ba ki haƙuri a madadin wanda ya daka miki ita.

Akwai tambayoyin da suka fi waɗannan zurfi, irin su dalilin wahalar yaron da bai yi laifin komai ba, da yadda hankali ke kaiwa ga sanin Mahalicci. Wasiƙa ba za ta ɗauke su ba, sai an zauna. Ina gida kowace Asabar bayan la'asar. Ki zo tare da yayanki ko mahaifiyarki, ki taho da duk rubutun da kika karanta ya dame ki, kada ki tace komai. Ki gaya wa ƙawayenki biyu da suka zauna kusa da ke suna gyaɗa kai cewa su ma akwai tabarma.

Wassalam,
Malaminki