Godiya ga garejin babura na kusa da filin Rumde Ajiya, Garwa

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne in yi godiya a bainar jama'a ga maigidan garejin babura da ke kusa da filin ƙwallo na Rumde Ajiya a nan Garwa, shi da yaransa. Ya roƙe ni kada in sa sunansa, wai aikinsa ya yi kuma an biya shi. To, sunan na bari, amma maganar ba za ta baru ba.

Babur ɗina Honda Transalp ne mai 600, na hannu, daga Duwala aka kawo mini shi. Tun 1987 aka fara ƙera irinsa, don haka ba yaro ba ne. Da shi nake zirga-zirga zuwa Ngaundere in tarbi kayana da ke zuwa a jirgin ƙasa daga Yawunde. Duk wanda ya san hanyar ya san hawan dutsen nan da ke gaba da Mbe. Garwa tana kwance a bakin Binuwai, Ngaundere kuwa tana bisa tudun Adamawa, sama da mita 1,000. A hawan nan, in na goyo ɗana da jakunkuna biyu, sai babur ya kama nishi kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri. Tirela tana tafiyar hawainiya a gabana, ina shan hayaƙinta, ba halin wucewa. Abin da nake nema ke nan, a ƙara masa ƙarfi.

Na sha wuya kafin Allah ya haɗa ni da wannan bawan nasa. Bakanike na farko fasa salansa ya yi, ya zare abin da ke ciki, ya ce yanzu zan ga gudu. Gudu dai ban gani ba, sai ƙara. In na tayar da shi bayan asuba, unguwa duka ta san zan fita, har wani dattijo maƙwabcina ya aiko a tambaye ni ko jirgin sama na saya. Na biyu ya cire matatar iska gaba ɗaya, wai don injin ya sha iska ya ƙoshi, kuma a tsakiyar hunturu, lokacin da ƙura ke rufe rana. Na uku ya ce sai an rarake injin an sa masa babban fistin. Ya karɓi kuɗin kafin alƙalami, babur ya kwana ashirin a wurinsa. Kullum "gobe, Alhaji". Ranar da na gaji na je na ɗauko abina, ko kusa ɗaya bai kwance ba, amma madubi guda ya yi ƙafa, tanki kuma ƙaf. Ba zan faɗi sunan kowa ba, sun san kansu.

Da na kai wa wannan maigida, ranar farko ko sifana bai ɗauka ba. Ya tayar, ya kasa kunne, ya hau ya je gadar Binuwai ya dawo. Sannan ya zauna yana yi mini tambayoyi kamar likita: kaya nawa nake ɗauka, wane mai nake sha, na gidan mai ko zuwa-zuwa, wato man da ake shigowa da shi daga Najeriya ana sayarwa a kwalba. Can ya ce, "Alhaji, buji nawa ake canza maka?" Na ce biyu mana, tunda silinda biyu ne. Ya yi murmushi ya kira yaronsa. Ashe wannan injin kowace silinda buji biyu gare ta, huɗu ke nan (buji shi ne abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira fulogi). Biyun da ke ɓoye ba wanda ya taɓa su tun da na sayi babur ɗin. Da aka zaro su, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya kuma zura yatsa a bututun da matatar iska take a da, ya fito da shi ja wur da ƙura, ya nuna mini bai ce komai ba. Daga baya ya ce, "Kafin mu ƙara masa ƙarfi, bari mu nemo wanda ya ɓata."

Sauran aikin kwana uku ya ɗauka. An wanke kafireta biyun an daidaita su, an saita bawul, an mayar da matata, an samo salansa mai lafiya. Ya ce buɗe salansa da cire matata ba tare da an gyara ma'aunin mai ba iska ce ke yin yawa, injin ya ɗau zafi, ga kuma ranar Garwa da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu. Rarake injin kuwa ya ƙi sam, alhali a nan kuɗin suke. Abin da ya canza shi ne faifan sarƙa na baya, ya sa mai ƙarin haƙori biyu, kuma bai ɓoye mini ba: zan samu ƙarfin ja a hawa, amma a miƙaƙƙen titi gudun zai ɗan ragu, shan mai kuma zai ɗan ƙaru. Na ce na yarda, ni ba tsere nake ba. Ya nace sai an sabunta birki da man shokazoba na gaba, wai wanda ya hau dutse da kaya sai ya sauko.

Yaron nan nasa ma ya burge ni. Ranar da na ajiye babur, ya sa tsinke a tanki, ya yi alama a gabana. Ranar ɗauka ya sake sawa, daidai. Tsofaffin kayan da aka cire duk an ƙulle mini su a leda, ga takarda an rubuta kuɗin kowane abu da biro.

Wannan fa shi ne abin da ya kamata a ce kowa yana yi, amma ga shi har sai da na zauna rubuta wasiƙa. Yau ka sayi kaya a kwali mai sunan babban kamfani, ka buɗe ka tarar da jabu. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 zuwa-zuwa ya yi tsada, ga shi wani in ka ɗaga kwalbar sai ka ga laka kwance a ƙasa, mai sayarwa kuma yana rantsuwa. Yara suna shekara biyar a gareji ba a koya musu komai sai miƙo sifana da sayo shayi, gobe su buɗe nasu su kama fasa salansar mutane.

Ranar Asabar da ta wuce na hau dutsen Mbe da ɗana a baya, na wuce tirela biyu a giya ta uku, injin ko tari bai yi ba. Maigida, Allah ya saka da alheri, ya yi wa sana'a albarka. Ƙorafina ɗaya: a samo benci a sa a inuwar darbejiyar nan, don kan tsohuwar taya na yini. Zan shigo ranar Alhamis a duba sarƙa kafin in kama hanyar Marwa.

Naku,
wani ɗan kasuwa daga unguwar Yelwa, Garwa