Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sultan Na Maiwurno Kan Auna Ruwan Kogi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka. Mu ne talakawanka na unguwannin bakin kogi: masu noman rani, masunta, masu sayar da ruwa a amalanken jaki, da iyayenmu mata. Tun da kakanninmu suka yada zango a nan ƙasar Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903 da aka yi da Turawa, kogin Shuɗin Nilu ne randarmu. Yau muna sha muna ɗar-ɗar, shi ya sa muka kawo kuka a auna ruwan nan a gaya mana abin da ke cikinsa.

Jan ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Habasha tsakanin Yuli da Satumba mun saba da shi. Mace ta daka ƙwayar zogale ko ta jefa alif a randa, kafin la'asar laka ta kwanta. Amma laka kawai ido ke gani. Tun da aka shelanta ɓarkewar kwalara a ƙasar nan a Agustan 2024, mun ga yaron da ya yi wasa da safe, da dare ana rige-rigen kai shi asibiti, alhali ruwan gidansu garau yake. Ga tsargiya kuma: yaran da ke wanka inda madatsar Sinnar ta sa ruwa ya kwanta, da yawansu fitsarin jini suke yi.

Ranka ya daɗe, da za ka aiko wakili mashaya da hantsi, zai tarar ana cika ganga, gefe guda injin ban ruwa na ɗigar da baƙin mai, can sama kaɗan wani na ɗauraye tankin feshin maganin ƙwari. Ba mu zo ƙarar kowa ba, dukkanmu muna da hannu a ciki.

Muna roƙon ka sa baki hukumomin ruwa da na lafiya na jihar Sinnar su ɗebi ruwa a mashaya, da bakin gonaki, da ƙasan inda ake buga jan bulo, sau ɗaya da damina, sau ɗaya da rani. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ƙwayar cutar bayan gida ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha. Na gona kuma a duba gishirinsa da ragowar maganin ƙwari. Sakamakon a karanta shi a masallacin Juma'a da Hausa da Fulatanci da Larabci, a kuma ba masu amalanke kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, a koya musu awonsa.

Kwalekwale da samarin da za su raka ma'aikata, wannan a wuyanmu yake.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

Talakawanka,
Mazauna bakin kogi, Maiwurno