Ziyarar ban girma ba shan shayi kawai ba ce

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya haƙuri da mu. Abin da ya sa na ɗauko waya nake rubuto maka shi ne wata wasiƙa da kuka buga kwanaki, inda wani bawan Allah yake cewa wai jakadun nan ba su da aiki sai yawon gaisuwa, yau gidan gwamna gobe fadar sarki, a sha shayi a ɗau hoto shikenan. Na yi dariya wlh, don ni ma haka na ɗauka kafin Allah ya ɗora ni kan sitiyarin motar ƙaramin jakadan wata ƙasa a nan Legas, na ga zuwan uku na ga tafiyar uku.

Shi fa jakada ba daga saukarsa jirgi yake hawa yawo ba. Sai ya kai kwafin takardunsa ma'aikatar harkokin waje, sannan a sa masa rana ya miƙa na ainihin ga shugaban ƙasa a Abuja, kuma a yarjejeniyar Viyana ta 1961 kan harkar jakadanci da ranar kama aiki ake lissafa wa ke gaba wa ke baya, ko ƙasarku ta fi kowa kuɗi in kai ne auta toh baya za ka zauna. Shi ya sa sabon zuwa yake zuwa ya gaida wanda ya fi kowa daɗewa, don shi ne babban yayansu. Mu kuwa tun da aka mayar da babban birni Abuja a Disambar 1991 sai aka bar mu da ƙananan jakadu, ga su nan a Victoria Island, layin Walter Carrington da kewaye. Kar a raina su fa, tashar Apapa da Tin Can da manyan kamfanoni duk nan suke.

Ranar da zan kai sabon oga Alausa gun gwamna, da sassafe muke hawa gadar Third Mainland saboda gosulo, shi yana baya da 'yar takarda a hannu yana haddar sunaye kamar ɗan makarantar allo, wa za a fara ba hannu, wa ake ce wa me. Wanda na kai fadar Oba a Iga Idunganran kuwa tun daga hanya yake tisa Kabiyesi, Kabiyesi, yana tambayata ko ya faɗa daidai, ni da Yarbancin nawa ma na cefane ne. Kyauta kuwa tana naɗe a but ɗin mota. Su shiga, da kyar su yi minti talatin sun fito, to amma ni da nake waje ina ganin abin da kamara ba ta ɗauka, yaransa da yaran mai masauki sun koma gefe suna musayar kati da lambar waya, wannan na cewa in wani abu ya taso kira ni kai tsaye ko da dare ne.

Kuma yana tasowa. Wani dare aka tsare ɗan ƙasarsu kan rikicin takardu, ina tuƙi ina ji oga ya kira mutumin da muka je gaisarwa watannin baya, bai tsaya dogon bayanin ko shi waye ba, aka gaisa aka shiga magana, kafin mu kai Ikoyi an faɗa masa inda yaron yake. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu ma ai haka muke, wa zai shigo Mile 12 da tirelar albasa bai fara neman dillalinsa ya gaida shugabannin kasuwa ba? Ranar da aka yi masa ba daidai ba gun wa za shi?

Inda nake da ƙorafi ɗaya ne. Duk shekarun nan na kai su Alausa, na kai su fadar Oba, na kai su gun manyan 'yan kasuwa, amma ko sau ɗaya ba a taɓa ce min juya mu je Agege ko Idi-Araba mu gaida Sarkin Hausawa ba, alhali tumatir da naman da kukunsu yake dafa musu ta hannun mutanenmu ya biyo. Laifin ba nasu ba ne su kaɗai, su sunayen da aka rubuta musu suke bi, mu kuma ba mu da mai zama ya rubuta takardar gayyata da hatimi ya bi sawunta. Dan Allah Malam Edita ku tura wakilinku ya tambayi shugabannin namu na Legas, a cikinsu wa ya taɓa aikawa.

Naku,
wani tsohon direba, Agege, Legas